Kwaɗon Kabejin Baba

Shekarar da ƙafafun Baba suka fara kumbura, likita a Gumel ya hana shi mai da gishiri da jan nama. Mutumin da ya tsufa yana dillancin shanu a kasuwar Maigatari, wanda in tuwo bai sha man shanu ba sai ya ce ba a gama girki ba! Ni ce babbar 'yarsa, kuma Inna ta riga mu gidan gaskiya, don haka girkinsa ya dawo wuyana.

Na koyi yi masa kwaɗon kabeji. In yanka kabejin siriri-siriri, in goga karas, in turara kifi karfasa in zare ƙayar tas in marmashe ta a ciki. Maimakon bama sai in zuba kindirmon da na yaɗe mansa, in matsa lemon tsami. Wallahi ba laifi, ni kaina nakan ɗanɗana.

Kullum bayan magariba Baba yana fita ƙofar gida ciyayya, inda shi da abokansa kowa ke fito da kwanon gidansa a haɗu a ci. Kwanona kuwa kullum fes yake dawowa. Har ina yi wa ƙannena burga, ina cewa ni kaɗai na iya da tsohon nan. Amma kumburin bai sauka ba, har takalminsa ya daina shiga.

Rannan sai matar maƙwabcinmu ta shigo, wai in koya mata kwaɗon nan, maigidanta ya ishe ta da zancensa, kullum shi ke sharce kwanon. Nan na gane. Ashe abokan Baba ke cinye kabejin, shi kuwa yana can yana zura hannu a miyar gidajensu, mai na iyo a kai.

Na same shi a ɗaki raina a ɓace.

"Haba Baba! Ni ina nan ina ta fama, ku kuna can kuna kashe kanku?"

Bai yi faɗa ba. Ya ce, "Ke yarinya, tun kafin a haife ki hannunmu ke haɗuwa a kwano. Yau in janye nawa gefe, in ce abincin gidajensu cuta ne? Da wane ido zan dube su?"

Na yi kuka na gaji. Da na ga ba zai bari ba, sai na yafa mayafi na bi gidajen ɗaya bayan ɗaya, ina roƙon matan su rage mai da gishiri a kwanon ƙofar gida. Wata ta amsa nan take, wata ta ce sai ta shawo kan nata tsohon. Abin ya ɗauki lokaci, ni kuwa ina kallon Baba yana ƙara nauyin numfashi.

Ranar da suka yarda gaba ɗaya, Baba ya riga ya kasa fita. Sai ga dattawan sun yi sallama sun shigo har ɗakinsa, kowa da kwanonsa, duk kabeji da kifi. Suka zauna kewaye da shi suna ci, suna cewa, "Kai Alhaji, ashe da daɗi! Bismillah mana."

Ina tsaye bakin ƙofa na ga ya miƙa hannu. Hannun bai kai kwanon ba. A makon nan muka rasa shi, Allah ya jiƙansa.