Karen Inna

Ban taso da son karnuka ba. A gidanmu na Anka idan kare ya leƙo zaure, kowa takalmi yake nema. Kawuna, ƙanen mahaifiyata, shi ya jawo ni cikin harkarsu, kuma ba da wa'azi ba. Babur ɗina yake so.

Kawu malamin dabbobi ne, ya yi shekaru yana yi wa shanun Fulani allura daga Gummi har Bukkuyum kafin ya yi ritaya. A shekarar da gubar dalma ta ɓulla a 'Yargalma da Abare, ana ta kai yara asibiti, shi kuwa sai ya riƙa bin gidaje yana duba kaji da agwagi da ke mutuwa, da mussoshin da suka rame. Mussa muke ce wa kyanwa a wajenmu. Tun daga lokacin bai sake iya wuce dabba mai ciwo a hanya ba. Ya gyara kangon da ke bayan gidansa, ya kafa rumfar kwano, ya fara tara abin da mutane suka yar: mussa da mota ta taka wa ƙafa, 'yan kwikwiyo da aka zuba a kwalbati, tsohon karen farauta da ƙazuwa ta cinye wa gashi. Ba wanda ya sa shi, ba kuma wanda ke biyansa.

Da gwiwoyinsa suka fara ciwo ya daina hawa babur, sai ya aiko a kira ni. Ni malamin firamare ne, da an tashi makaranta ba ni da wani aiki.

"Kai za ka riƙa kai ni," ya ce. "Ba ni ce ka taɓa su ba. Tuƙi kawai."

Haka aka fara. Kafin damina ta fita ni ne mai riƙe kan kare yana cire masa kaska, ni ne mai zuwa wajen mahauta karɓo huhu da ƙashi, ni ne mai bin gidajen dangi ina tara tuwon da ya kwana. Matata ta ware mini riga ɗaya da wando ɗaya, ta buga ƙusa a bayan ɗaki ta ce can ne mazauninsu, kada su kuskura su haɗu da kayan sallata. Abokaina a majalisa suka sa mini suna malamin karnuka. Na yi fushi da farko, daga baya na saba.

Sai rashin zaman lafiya ya yi tsanani a ƙauyuka, mutane suka fara kwararowa gari da tabarmi da tukwane a ka. Aka ba wasu daga cikinsu azuzuwan da ba a amfani da su a bayan makarantarmu. A cikinsu akwai wata tsohuwa, gajera, mai zanen saƙi, kowa Inna yake ce mata. Ɗanta da matarsa da jikokinta suna tare da ita. Wata rana ina kwance babur zan tafi gida ta tare ni.

"Malam, kai na aka cewa kana yawo da likitan karnai?"

Na ce ni ne, ina jiran in ji ko tsiya za ta yi mini.

Ta gyara tsayuwa ta ba ni labari. Tana da kare ja, kunnensa ɗaya a yage, mijinta ya bar mata shi da ya rasu. Ranar da 'yan bindiga suka shigo ƙauyensu shi ya fara haushi tun suna nesa, har jama'a suka samu suka faɗa cikin dawa. Da suka dawo kwasar kaya, direban motar ya rantse ba zai ɗauki kare ba. Karen ya bi motar da gudu har bakin gulbi, tana kallonsa daga saman kaya.

"Ba ni ce ku kawo shi ba," ta ce. "In sani kawai, shina da rai ko ya mutu. Abin ya hana ni cin tuwo."

Na kai wa Kawu maganar. Ya sosa gemu, sannan ya ce mu bari sai ranar kasuwa, lokacin da hanya ke da mutane. Ƙauyen yana can ciki, idan ka bar hanyar Adabka ka yanki daji. Inna ta kwance tsohon ɗankwalinta ta ba mu, ta ce idan karen ya ji ƙamshinsa ba zai gudu ba.

Ban taɓa shiga garin da ba kowa ba sai ranar. Rumbuna a buɗe, turmi a kife a tsakar gida, gero ya fito a bakin masallaci ba wanda ya nome shi. Ba kukan yaro, ba carar zakara. Karnuka ne kawai, uku ko huɗu, suka fito daga inuwa suna kallonmu daga nesa, haƙarƙarinsu a waje. Kawu ya juye musu abin da muka zo da shi, ya zuba ruwa a wani fasasshen kasko.

Karen Inna bai zo wajen abincin ba. A ƙofar ɗakinta muka same shi kwance, ya sa haɓa a kan dokin ƙofa. Da muka matsa ya yi gurnani. Kawu ya tsuguna da ƙyar, ya miƙa ɗankwalin. Karen ya shinshina, ya miƙe, ya shiga ɗakin ya fito, ya zagaya bayan gida ya dawo, yana wani kuka siriri. Nemanta yake yi. Na juya na dubi wani wajen.

Ranar ba mu ɗauko shi ba. Kawu ya ce karen ƙauye bai san gari ba, gari ma bai san shi ba, gara mu riƙa kawo masa abinci har mutanensa su dawo. Muka yi hakan 'yan makonni. Amma mutanen ba su dawo ba, hanyar kuma ta ƙara lalacewa, masu babura suka fara ƙin bin ta. Zuwanmu na ƙarshe muka tarar sauran karnukan babu su, ɗaya mun ga gawarsa a bakin rijiya da raunin harbi. Kawu ya dubi karen Inna.

"In munka bar shi yau, mun bar shi ke nan," ya ce.

Muka sa shi a buhu, kansa a waje, Kawu ya rungume shi a tsakaninmu. Duk ramin da na faɗa sai na ji numfashinsa a bayan wuyana.

Ba zan manta haɗuwarsu da Inna ba. Ba ta yi kuka ba, faɗa ta kama yi masa, wai dubi yadda ya bar kansa ya lalace kamar marar gata. Shi kuwa ya kwanta a kan ƙafafunta yana rawar jiki. Da yake ba zai yiwu ya zauna a makaranta cikin jama'a ba, sai aka bar shi a kangon Kawu. Kawu ya yi masa allurar rigakafin haukar kare, wadda yake sayowa a cikin kula mai ƙanƙara idan wani zai zo daga Gusau, ya ɗaura masa jan ƙyalle a wuya. Duk karen da ya yi wa allura haka yake yi masa, don a gane shi.

Watannin da suka biyo baya su ne mafi daɗi a duk aikin da muka yi. Kullum da hantsi Inna za ta taho da ɗan ƙanzo a gefen zane, ta zauna a gindin dogonyaron da ke kangon, karen ya sa kai a cinyarta tana ba shi labarin ƙauye: wane ya tafi Gummi, wance ta haihu, gonar wane ta zama daji. Ba ta daɗe ba ta karɓe rabin aikin. Ita ta koya mana shayar da 'yan mussoshin da uwarsu ta mutu, da auduga da madarar akuya. Ta hana Kawu ɗaga bokiti. Idan na makara da kayan mahauta sai ta ce, "Malam, yau ɗiyanka sun yi azumi ba niyya." Har matata ta fara aiko mata da fura.

Karen ya murmure, gashinsa ya dawo yana sheƙi. Sai ya koyi wata ɗabi'a. Ya gane hanyar da Inna ke biyowa, ya gano wani rami a gindin katangar kangon, da safe sai ya fice ya tarye ta a wajen famfon unguwa su dawo tare. Kawu ya toshe ramin da duwatsu, karen ya tone. Kawu ya sa ƙaya, karen ya tone gefe. Inna ta ce a ƙyale shi, a ƙauye ma haka yake raka ta rijiya. Mutanen unguwa sun saba ganinsu, tsohuwa a gaba, jan kare a baya, ba wanda ya ce komai.

Cikin bazara wani baƙon kare ya shigo gari daga daji, yana dalalar da yawu. Ya ciji awaki, ya ciji wata yarinya a ƙafa tana ɗiban ruwa. Aka kashe shi nan take, aka garzaya da yarinyar asibiti. Gari ya ɗauki zafi. Duk wanda ya taɓa ganin mutumin da haukar kare ta kama ya san dalilin tsoron, ni ma na taɓa gani ina yaro, ba na fatan in sake. Kafin la'asar magana ta bazu cewa duk karen da aka gani a titi a kashe shi.

Kawu ya sa na kai shi wajen mai unguwa. Ya yi masa bayani, ya ce masu jan ƙyalle an yi musu allura, ba su da haɗari. Mai unguwa mutumin kirki ne, ya saurara, ya ce zai sanar a masallaci. Ya kuma sanar. Muka dawo muka ɗaure duk karnukan da ke kangon, muka aika wa Inna cewa ta zauna gida kwana biyu. Karen nata ba a taɓa ɗaure shi ba tunda aka haife shi. Igiyar rama muka sa masa, ya tauna ta ya fice.

Washegari ina cikin aji ina rubutu a allo na ji ihu daga wajen famfo. Yara suka miƙe suna leƙen taga. Na ajiye alli na fita da gudu. Kafin in isa an gama. Samari ne da sanduna, sun yi da'ira, karen Inna yana kwance a tsakiya, jan ƙyallen na nan a wuyansa. A daidai wurin da yake tsayawa jiran Inna.

Na ce, "Ba ku ga ƙyallen ba? Ba ku ji sanarwa ba?"

Wanda ke gaba ya juyo, idanunsa jajur. Yayan yarinyar da aka ciza ne, na taɓa koyar da shi.

"Malam, ƙanwata tana asibiti," ya ce. "Ƙyalle za ni tsaya dubi?"

Na wuce shi na tsuguna kusa da karen.

Ni da Kawu muka ɗauke shi a buhu muka haƙa rami a bayan kangon. Kawu ya ce shi zai gaya wa Inna, tunda shi ya ce a ɗauko shi. Muka same ta tana tsince wake a faifai a bakin aji. Tun kafin ya buɗe baki ta dubi ƙafafunmu, duk ƙasa, ta ajiye faifan.

Kawu ya ce, "Baiwar Allah, sai haƙuri. Da na sani da na bar shi inda ya sani."

Ta ce, "Likita, can ma mutuwa zai yi, shi kaɗai. Nan ko ya ƙoshi." Ta ɗauki faifanta ta ci gaba da tsintar wake.

Yarinyar ta warke, alhamdu lillahi, an yi mata allurai a kan lokaci. Amma aikinmu bai sake komawa yadda yake ba. Maƙwabtan Kawu suka fara ƙorafin haushi, waɗanda da suke aiko da sauran tuwo suka daina. Inna ba ta sake taka kangon ba. Idan mun haɗu a makaranta mukan gaisa, ta tambayi gwiwar likita, ta tambayi 'yan mussoshi ko sun fara kama ɓera, shi ke nan. Ni kuma kunya ta hana ni cewa ta dawo.

Kawu ya raba sauran karnukan, wasu ga mafarauta, wasu ga Fulanin da ya sani tun yana aiki. Ciwon ƙafa ya kwantar da shi a shekarar da ta biyo. Nakan je in zauna da shi bayan la'asar, kuma sau da yawa, muna cikin wata hira daban, sai ya ce da sarƙa muka sa wa karen Inna ba igiya ba. Wani lokacin ya ce da a cikin gidansa ya kulle shi, a ɗakin ajiya. Ni ma ina da nawa lissafin da nake yi a zuci, amma ba na faɗa masa, sai in ce Kawu, kwanansa ne ya ƙare. Mussoshin da suka rage matata ta kwaso su, suna nan gidanmu, sun hayayyafa.

Daga baya ɗan Inna ya sami aikin lambu a Gummi, suka tattara suka koma can. Ban samu na yi mata sallama ba, ranar an tura ni taron malamai a wani gari, na dawo na tarar da ajin a share. Na yi ta cewa zan je in gaishe ta idan an yi hutu, hutu ya zo ya wuce, hanya ba ta da daɗin bi.

Bara na je Gummi ta'aziyyar wani abokin aiki. A bakin kasuwa na ga ɗan nata yana sauke buhunan albasa. Muka gaisa, na tambayi Inna. Ya ce ai ta rasu tun farkon damina, zazzaɓi ne na 'yan kwanaki. Na tambaye shi ko ta samu ta koma ƙauye ko sau ɗaya. Ya ce a'a, har yanzu ba mai kwana can. Muka yi mata addu'a a tsaye, mai mota yana yi masa magana ya zo ya ƙarasa sauke kaya.

Da na dawo Anka na wuce gidan Kawu kafin in je nawa. Yana kwance a tabarma a zaure. Na gaya masa. Ya ce Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta, sannan ya ce in taimaka masa ya juya, gefen ya gaji.