Mai Lasar Ido ta Nahuce

Ba a yin kaka a Nahuce ba a ambaci Inna Asiya ba, domin duk mai shiƙar gero wata rana sai ƙaiƙayi ya faɗa masa a ido. A kawo mata mutum yana hawaye yana murza, ta make hannun, ta kurkure baki da ruwan randa, ta buɗe fatar idon da yatsu biyu, ta zura tsinin harshenta. Kafin ya gama salati ta tofo abin a tafin hannu ta nuna masa.

Ta san harshe kamar yadda maƙeri ya san guduma: tsoka ce zalla ba ƙashi, tana lanƙwasuwa duk inda aka so, ga laushi ga danshi, tsininta kuwa yana jin abin da yatsa ba zai ji ba. Saboda haka take lallaɓa nata. Da kaka ba ta cin goro, ba ta kusantar barkono, kunu ma sai ya huce. Marigayi mijinta yakan ce, da a ce shi ne harshen nan, da ya ji daɗin zaman aure. In ta lasa ta ce babu komai, magana ta ƙare, kowa ya koma gida.

A shekarar casa'in da bakwai turmin haƙorinta na ƙasa ya ruɓe. Wani mai cire haƙori a kasuwar Bungudu ya yi ta kokawa da shi har ya fita, sai dai ya taɓa jijiyar da ke kwance a gefen. Ɓarin harshenta na dama ya mutu, tun daga tsakiya har tsini. Gishiri a wannan gefen kamar yashi yake. Sai ta cije shi ba ta sani ba, sai ta ga jini. Ba ta gaya wa kowa ba. Tsoro take ji, don in ba lasar ido ita wace ce a garin? Ta ce wa ranta ɓari guda ma ya isa.

Ana haka autanta Attahiru, mai walda a Gusau, ya iso da azahar, ya rufe idon hagu da ƙyalle. Ɓurɓushin ƙarfe ne ya tsarto masa. Maigidansa ya ce ya tafi asibiti, shi kuwa ya yi dariya ya hau motar gida.

"Inna, ina ni ina asibiti, ga ki da rai? Ɗebe mini abin ga."

Ta kurkure baki. Ta lasa, ta sake lasa, ta karkata kai don ɓarin mai rai ya kai, bai kai ba. Ba ta ji komai ba. Maƙwabta sun cika tsakar gida suna jira.

"Babu komi ciki," in ji ta. "Ya fita, raɗaɗi na kawai."

Ya gaskata, kamar yadda kowa ya saba. Ya yi ta haƙuri da zafin har idon ya kumbura ya yi fari. Da aka kai shi wurin likita a Gusau, aka ce ƙarfen na nan ya yi tsatsa, kuma an makara.

Daga nan ta daina. Duk wanda aka kawo, sai ta nuna hanyar mota da hannu. Baƙin ciki ya cinye ta, ta rame, magana ma ta rage. Abin da ya fi ci mata rai, Attahiru bai taɓa zarginta ba. Ko da Sallar da ta wuce ta ji shi a zaure yana gaya wa abokansa, da ido ɗaya, har da alfahari:

"Likitan nan bai san aiki ba. Inna ta ce babu komi."