Gayyar Riɗi Saboda Shahadata

Shekarar da na gama jami'a na dawo garinmu Gadarif ba shahada, wato takardar gama karatu, a hannu. Jarrabawa kam na ci, amma akwai ragowar kuɗin makaranta a kaina, an ce takarda ba za ta fito ba sai na biya. Ga wata makaranta a garin Fau tana neman malamin lissafi, sun ce in kawo shahada kafin a buɗe, in ba haka ba su ɗauki wani.

Ana cikin haka jita-jita ta cika kasuwa, wai hukuma za ta yafe wa ɗalibai bashi. Murna ta hana ni zama. Duk wanda na gani sai na tare shi da labarin, kamar ni na sa hannu a kai. A wurin mai shayi na buɗe murya ina kafa hujja: ƙasa ce za ta ci moriyar karatunmu, to ƙasa ta biya mana.

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, wanda ya tsufa a aikin gonakin Gadambaliya, ya ajiye kofinsa.

"Shekarar da damina ta ƙi, manoman da suka kasa biyan bashi kurkuku aka kai su. Wa ya yafe musu? Ko don ku kun iya riƙe biro?"

"To Kawu, a yafe wa kowa mana."

"Je ka jira, ɗan nan."

Wallahi na ji haushinsa, har na daina zama inda yake. Na jira ɗin kuwa, kunne a rediyo, shiru kake ji.

Sai riɗi ya nuna. Shi riɗi in aka makara kwansonsa fashewa yake, iri ya zube ƙasa, shi ya sa masu gona suke rasa barci suna neman hannu. Kawu ya je ya karɓi yankan gona guda sukutum, ya dawo unguwa ya kira gayya. Mu dai mun san gayyar noma da ta rufin ɗaki, ba wanda ya taɓa jin gayyar takarda. Aka yi ta dariya, kuma aka fito. Tela ya rufe shago, mahauci ya bar rumfa, har mai shayin ya hau lori da butarsa. Mata suka aiko kisra, gurasar dawa, da miya. Ina bayan lori iska tana dukana, daɗi kamar in yi tsalle in dira.

A gona na sha tsiya. Kafin azahar hannuna ya yi bororo, dammunana sai kwancewa suke.

"Ustaz, wannan ɗaurin da larabci ka yi shi?" in ji mahauci.

Ban damu ba, ni ma dariyar nake. Muka yi ta yanka muna jingina dammuna a tsaye har gonar ta ƙare. Da mai gona ya biya, ba wanda ya taɓa ko sisi, Kawu ya danƙa mini duka. Na karɓo shahada, na riski aikin Fau da ƙyar.

Da albashin farko na je masa. Ya ture hannuna.

"Gayya ba a biyan ta da kuɗi. Ɗan tela yana shekarar ƙarshe a jami'a. Riɗi na nuna ka zo da laujenka, wannan ba hukumar da za ta yafe maka."

Na je gayyar ɗan tela. Na je ta 'yar mahauci, lokacin Kawu ba ya duniya, ni na kira gayyar.