Mutum na Goma

Alhamis

Ƙarfe biyar saura kwata na asuba muka bar masaukina a titin Liuhua Lu na birnin Guangzhou, mu uku: ni, da direba Cen, da Dauda. Dauda Bayahude ne, mutumin Maroko, yana sayen jakunkuna kamar ni. A ofishin kago na unguwar Baiyun muka haɗu, muka yarda mu ɗauki mota ɗaya zuwa wata masana'anta a Shaoguan, garin duwatsu, kilomita ɗari biyu da wani abu. Ba zan ɓoye ba, da na ji addininsa sai na zauna gaba, na bar shi shi kaɗai a baya.

Ƙarfe takwas da rabi muka shiga garin. Sanyi da hazo, kuma babu mai jin Hausa. Da rana na zaga layi uku ina neman abincin halal, kowa sai ya ce mini "meyo", wato babu. Na koma otal da yunwa.

Bayan la'asar Dauda ya ƙwanƙwasa ƙofata.

"Alaji, ka ci abinci?"

"Na ƙoshi."

"Cikinka ya riga ka amsawa. Taho."

Ashe da tukunyarsa yake tafiya, da wuƙarsa, da burodi da kifin gwangwani. Ba ya cin girkin kowa, ba ya haɗa nama da madara, alade kuwa ya fi ni gudunsa. Na ci har na ji kunya. Nan ya roƙe ni abu ɗaya: gobe mu tashi sha biyun rana. Daga faɗuwar ranar Juma'a zuwa daren Asabar ba ya hawa mota. Kuma ranar ce mahaifinsa yake cika shekara da rasuwa, addu'ar da zai yi masa ba a yin ta sai maza goma sun taru. A ɗakin da suke haɗuwa a Guangzhou, wannan makon shi ne na goma.

"An gama," na ce.

Juma'a

Sha biyu ta same ni ina zaɓen zif. Ƙarfe ɗaya ina gardamar launin fata. Dauda ya leƙo sau uku yana nuna agogo, ni kuwa a raina cewa nake: matafiyi ne, ai zai rama. Da mudun addinina na auna nasa, ban tambaya ba. Sai uku da rabi muka tashi.

Manyan motoci suka tare hanya a gangaren dutse. Biyar da minti ashirin, saura kilomita tamanin, rana ta yi ja. Dauda ya yi waya gajera, sannan ya dafa kafaɗar Cen.

"Sauke ni a otal ɗin can."

"Laoban, maigida, awa ɗaya ta rage!" in ji Cen.

Na ce, "Haba Dauda, lalura ce. Allah ya gani."

"Ya gani tun sha biyu, Alaji."

Bai ɗaga murya ba. Ya ɗauki tukunyarsa ya shige, a garin da bai san kowa ba.

Muka isa Guangzhou da dare. Cen ya san gidan da su Dauda suke haɗuwa, na ce ya kai ni. Hawa na huɗu, wani dattijo ya buɗe. Kyandir biyu na ci a kan tebur. Na ƙirga mazan da ido: tara.

"Baba, ni na makarar da Dauda. Ba zan iya cike muku goman ba? Ni ma maraya ne."

Ya ƙara buɗe ƙofar.

"Ba haka ake yi ba, ɗana. Amma shigo ka ci burodi."

Ban iya shiga ba. Na sauko na yi Magariba da Isha a masauki ni kaɗai.

Gida

Ranar Lahadi na tura wa Dauda saƙon neman gafara. Amsarsa gajera ce: "Zan yi masa baɗi, in muna raye."

Talata na tashi daga filin jirgin Baiyun, na sauya jirgi a Addis, Laraba da azahar na sauka Kano lafiya. Godiya ta tabbata ga Allah, da Cen, da dattijon nan. Da Hajiya take kwance jakata sai ta ɗago mabuɗin gwangwanin da Dauda ya manta a mota.

"Wannan na waye?"

"Na wanda ya ciyar da ni ne," na ce. "Ajiye shi inda zan riƙa gani."