Ƙunshin Inna Tsahara

Da an sallame sallar asuba a Magama, kafin direbobin Maraɗi su fara ɗumama injin, Inna Tsahara ta riga ta ɗora tukunyar kokonta a bakin tasha. Da wannan koko aka fara saninta. Amma da hunturu ya kama, sai ta bar wa maƙwabciyarta ludayi, ta ja mayafi ta shiga tsakanin motoci tana bubbuga bayan kowace da tafin hannu.

"Buɗe mani but ɗin nan in gani."

Direba ya buɗe, ko yana so ko ba ya so. Ta leƙa, ta taɓa safayar taya, ta tambayi ina jak, ina wayar jona batir, don ta san yadda sanyin safiya ke kashe batir. In ta ga babu abin rufa, sai ta koma rumfarta ta ɗauko ƙunshi. Buhun shinkafa ne da ta wanke ta ɗinke bakinsa. A ciki akwai bargo na gwanjo, da tocila, da ashana a naɗe cikin leda, da igiyar jan mota, da man zafi, da sabuwar reza, da ɗan ƙuli-ƙuli da dabino. Galan na ruwa kuma ta ce kai za ka cika da kanka tana kallo.

Wasu direbobin na yanzu sun ɗauka tsufa ne ya kawo mata wannan fitina. Ba su san Maharazu ba.

Maharazu mijinta ne, direba ne mai jigilar mutane zuwa ƙauyuka. Wata safiya ta hunturu ta wanke bargon da yake ajiyewa a mota, ta shanya, bai bushe ba ya tashi tafiya. Ta ce ya dakata ta aro masa wani. Ya yi dariya ya ce, "Bar shi, Tsahara, kahin la'asar na dawo." Motar ta lalace a dajin bayan Gangara, nesa da kowane gida, suka kwana a can. Cikin fasinjojin akwai mace mai goyo, ya tuɓe rigar sanyinsa ya lulluɓe jaririn, shi kuma ya zauna da 'yar shara. Jaririn ya rayu. Maharazu ya dawo gida da tari da ciwon haƙarƙari, bai ga ƙarshen wannan hunturu ba.

Ta ce abin da ya fi tsaya mata a rai shi ne bargon nan. Ranar da aka shigo da Maharazu yana rawar ɗari, bargon na rataye a igiya, ya bushe ƙamas. Da ta fita takaba, shi ta fara sakawa a buhu ta miƙa wa direban da ya karɓi layin mijinta.

Inna, ke ce kika mayar da hawayenki abin rufa ga mutanen da ba ki sani ba. Babu ƙungiyar da ta ɗora miki wannan aiki, babu wanda ya taɓa kiran sunanki a taro.

Yusha'u, direban da ke bin hanyar Bugaje, ba ya gajiya da ba da labarinsa. Wata rana da sassafe ya ɗauko mai naƙuda zuwa asibiti, ga sanyi har cikin ƙashi, sai fambel ɗin injin motar ya tsinke a tsakiyar hanya. Kafin wata mota ta ɓullo, haihuwa ta zo. Tsohuwar da ta rako ta ta yi ta salati tana cewa ba su taho da komai ba. Sai ya tuna da buhun da ya daɗe yana turawa gefe don ya samu wurin kaya.

"Wallahi har na so in jefar da shi," in ji Yusha'u. "Da rezar ciki aka yanke cibi. Da ashanar na hura wuta da kara. Uwa da ɗiya, bargo guda suka shiga. Da na dawo na ba Inna labari, sai ta ce, 'To kawo buhun in sake cika ma shi.'"

Ba kowa ya riƙe amanarta haka ba. Akwai wanda ya naɗe injin niƙa da bargonta don kada ya goge fentin mota. Akwai waɗanda suka cinye dabinon tun ba su wuce shingen kwastan ba. Wani ma ya taɓa daka mata tsawa a gaban fasinjoji, wai tana ɓata masa lodi. Ta koma rumfa ta ci gaba da sayar da kokonta. Washegari kuma aka gan ta a bayan motarsa tana bubbugawa.

Da aka rufe iyaka, tasha ta mutu. Direbobin da ta sani tun suna samari suka watse, wasu Kano, wasu Maraɗi, wasu suka koma bin hanyoyin daji inda ƙunshinta ba ya isa gare su. Koko ya daina ƙarewa. Duk da haka ta ci gaba da ɗinki, har idanunta suka fara yin hazo, ta koma laluben allura da yatsa. Da aka buɗe iyaka motoci suka dawo, amma idanun ba su dawo ba.

Bana, gab da shigar sanyi, ɗiyarta Hasiya ta zo ta tafi da ita Daddara. Ranar an saki manyan motoci daga wajen duwan, wato kwastan na tsallaken iyaka, kowa na ta kansa, ana ta rububin fasinja. Yusha'u kaɗai ya kama mata hannu har cikin mota. Ta tsaya da ƙafa ɗaya a ciki, ta juyo da kunnenta wajen hayaniyar tasha.

"Yusha'u, su wa da wa suka zo?"

Ya duba hagu ya duba dama. Ya ce, "Inna, lodi ya riƙe su, duk suna gaishe ki."

Ta ce, "Allah ya kai su lahiya." Ta shiga.

Inna Tsahara, uwar matafiya, mun yi miki sakaci, kuma mun sani. Mun sha kokonki, mun rufa da bargonki, muka bari kika fita daga tashar nan kamar baƙuwar da ta zo wucewa. Mun gode, ko da godiyar ta makara. Allah ya jiƙan Maharazu, ya ba ki lafiya, ya rufa miki asiri duniya da lahira.

Ku kuma direbobi, sanyi ya shigo, kuma yanzu babu mai tsare ku da tambaya. Kowa ya haɗa nasa ƙunshin, ya haɗa wa na kusa da shi wanda bai da hali. In hanya ta biyo da ku Daddara, ku tsaya ku yi sallama a gidan Hasiya. Ta ce Inna ba ta ganin fuska, amma har yanzu tana gane kowane direba da muryarsa, kuma duk motar da ta rage gudu a ƙofar gida sai ta gyara zama.