Safiyar Talata da Alhamis a alƙaluman Neville Trethewey

Daga Kadina har bakin teku a Wallaroo babu wanda ya fahimci alƙaluman gasar poka, wani wasan karta na caca, kamar Neville Trethewey. Ba a musun wannan magana, domin shi da kansa ya yi lissafin, ya kuma sake dubawa bai ga kuskure ba.

Kafin ya yi ritaya, awon motocin alkama yake yi a rumbunan gaɓar teku. Daga can ya fito da ciwon baya da kuma aƙida guda: ba a yi wa mota hukunci da ƙwayar alkama ɗaya. Da kulob ɗinsu na masu gara ƙwallo a kan ciyawa ya buɗe gasar poka ta intanet, wadda ake bugawa da kuɗin wasa da ba su sayen ko kofin shayi, sai Neville ya ɗauko aƙidar nan ya ɗora ta a kan karta. A wurinsa, wanda bai buga wasa dubu ba, ba shi da bakin ba kowa shawara. Ya san sau nawa cikin ɗari kowane ɗan kulob ke kaiwa teburin ƙarshe, ya san mai saurin tsorata da mai taurin kai, kuma yakan sanar da mutum matsayinsa ko da bai tambaya ba.

Abin da ke ci masa tuwo a ƙwarya shi ne Rocco Tripodi, mai shagon aski. Shekarun baya Rocco ya ci wata babbar gasa da biyu da bakwai a hannu, kartar da ko makaho zai jefar. Ladan da ya samu faranti ne na ɗanyen nama da tsiran alade, an cinye shi a ranar. Amma tun daga lokacin duk wanda ya zauna a kujerar askinsa sai ya tashi da shawara, kuma shawarar ba ta canjawa: in karta ba ta yi maka murmushi ba, jefar da ita, in ta yi, tura duk abin da ke gabanka ka sha giyarka.

Mutane kuwa suna saurara. Wannan ne ya fi ƙona wa Neville rai. Mutumin da ya ci sau ɗaya bisa tsautsayi, wanda alƙalumansa ke can ƙasa kusa da na waɗanda suka rasu ba a goge sunayensu ba, shi ne ya zama malamin gari. Kusan kowace yamma a kan abinci Neville kan maimaita wa matarsa Glenys shawarar Rocco kalma da kalma, har da kwaikwayon muryarsa, don ta ji girman shirmen. Glenys takan ce lallai abin da ban haushi, ta miƙa masa dankali.

Da aka sanar cewa kulob zai tura mutum ɗaya gasar jiha a Adelaide, sai aka fara raɗe-raɗin a tura Rocco, tun da shi ne ya taɓa ci. Neville ya daina aski a gari, ya koma yin askinsa a garin Moonta. Ya bi 'yan kwamiti gida-gida yana bayanin bambancin sa'a da gwaninta, har wani ya ce masa ya yarda tun kafin ya shigo, don Allah ya bar shi ya shayar da tumatirinsa. A ƙarshe suka amince da ƙa'idar da ya kawo: kujerar Adelaide ta wanda ya buga wasannin da suka fi kyau ce, bisa alƙaluman shekara guda cif. Neville ya riga ya duba nasa. Babu wanda ya kusance shi.

Ranar taro, sakatariyar kulob, Lorraine Penhall, ta haska alƙaluman a talabijin ɗin da aka saba kallon tseren dawaki. Sunan Neville na sama. Da ya karɓi tafi ya zauna, da shi ke nan. Amma ya lura Rocco na murmushi, sai ya miƙe ya ce ba ya son gobe wani mai almakashi ya ce sa'a ce. A warware alƙaluman nasa rana-rana, safe da yamma, kowa ya ga yadda gwaninta ke tafiya ba hawa ba sauka.

Lorraine ta warware. Akwai hawa, akwai sauka. Yammacin kowace rana layin nasararsa na kwance a ƙasa kamar macijin da mota ta taka. Safiyar Talata da ta Alhamis kuwa ya miƙe tsaye.

Neville ya fara bayanin cewa ƙwaƙwalwar mutum ta fi kaifi da safe, bincike ma ya nuna haka. Rocco ya ajiye kofinsa.

"Farfesa, ba don na katse ka ba. Talata da Alhamis da safe ba a ciyawar nan ta waje kake ba? Ai ƙungiyarmu ɗaya, mutumina. Ni ke tsince maka ƙwallo daga lambatu."

Neville ya ce to an yi masa kutse, kuma zai rubuta wa masu shafin. Wani daga baya ya tambaya wane irin ɓarawo ne wannan da ke shiga gidan mutum ya yi masa shara.

Glenys tana ta tagar kicin tana yanka kek ɗin taro. Ta goge hannunta ta ce ita ce. Kwamfutar hannun Neville na kan teburin cin abinci a gida, da ta taɓa sai wasan ya buɗe da kansa, ita kuma tana jiran injin wanki ya gama. Ta ɗauka ba komai, tun da kuɗin ba na gaske ba ne.

Neville ya tambaye ta, da muryar da yake yi wa direbobin da suka yi ƙaryar nauyi magana, wa ya koya mata, kuma da wane tsari take bugawa.

"Kai ne mana, Nev. Kullum sai ka faɗa. In ba ta yi murmushi ba in jefar, in ta yi in tura duka. Giyar ce kawai ban sha, da safe ne."

Ya yi ƙoƙari, a ba shi wannan. Ya ce sunansa ne a kan alƙaluman. Lorraine ta tuna masa cewa ƙa'idar ta ce wanda ya buga, kuma shi ya nace a sa kalmar. Ya ce safiya biyu a mako ba su isa a yanke hukunci ba. Lorraine ta ce Glenys ta haura wasa dubu, domin wankin gidansu da yawa. Ya ce shawarar Rocco shirme ce ko da ta yi aiki, kuma a kan wannan bai janye ba har yau. Yanzu yana cewa wasa dubu ma kaɗan ne, da can ya yi sassauci.

Da aka cire safiyar Talata da Alhamis, sunan Neville ya sauko layi ɗaya a ƙarƙashin na Rocco. Glenys ce ta tafi Adelaide. Neville ne ya tuƙa motar.