Warin Mai a Rijiyar Gidanmu

Shekarar da hanyar Randagi ta ƙi lafiya, na bar gona na dawo cikin gari da zama, rijiyar gidanmu ta fara warin mai. Uwargida ce ta fara jin sa a koko. Na jawo guga, sai ga maiƙo yana sheƙi a saman ruwa. Kafin la'asar na sanar da rabin Birnin Gwari cewa arzikin da gwamnati ke nema a teku ya ɓullo a bayan ɗakina. Har na fara zaɓen waɗanda zan daina gaisarwa.

Sai dai ruwan sha ya yanke. Mahaifina ne ya haƙa rijiyar nan, gida biyar ke ɗiba a cikinta.

Ana haka 'yar wana ta zo hutu. Ilimin duwatsu ta karanta, aikinta can kudu shi ne duba hoton ƙarƙashin teku don gano inda mai yake kwance. Ta shinshina gugan, ta yi dariya har da riƙe ciki. Wai irin dutsenmu ba ya haihuwar mai, wannan dizal ne tatacce. Muka bi unguwa muna shinshine-shinshine kamar awaki, sai ga tankin dizal na mai injin niƙa, can sama da mu, ya huje ta ƙasa.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne rijiyar maƙwabcina, wani Bafulatani da ya zauna gari. Ta fi tawa kusa da injin nesa ba kusa ba, amma ruwanta garau. Na tambayi yarinyar ko man nan kwatancen gidana aka yi masa.

"Baffa, tsaga ce a dutsen da ke ƙarƙashinku. Ita take kawo muku ruwa tun farko, yanzu ta kawo muku mai."

Ta ce a ƙarƙashin teku ma haka ne. Mai yana bin tsaga ya yi tafiya, in kuma yumɓu ya liƙe gefenta sai ta zama bango, wancan ɓangaren ko ɗigo ba zai samu ba. Ta nuna mini ɓaure da kanya da mangwaro a jere, daga injin har bayan gidana, kore shar a tsakiyar rani, ta ce ruwan tsagar suke sha. Shekara arba'in ina wuce su ban taɓa lura layi ɗaya suke ba. Ranar na bi layin sau uku da ƙafa, ina taka ƙasa a hankali.

Na tambaya yaushe rijiyar za ta wanke. Ta ce kada in jira, in haƙa wata ta ɓangaren Bafulatanin.

Haka aka yi. Sabuwar ba ta kai tsohuwar ruwa ba, cikin rani sai an yi mata haƙuri. Ranar da za a rufe ta mahaifina, mai injin da kansa ya kawo siminti a baro. Na shirya masa zolaya kala goma, amma da aka ɗora murfin ban iya faɗin ko ɗaya ba.